Jirgi ɗaya, matuƙa biyu

Ranar 14 ga Oktoba 2025 kamfanin Microsoft na Amurka ya janye hannunsa daga Windows 10, babbar manhajar da ya fito da ita a 2015. Babu kwamfutar da ta mutu a wannan rana. Wadda aka kunna da safe ta tashi kamar yadda ta saba, ta buɗe takardun jiya, ta buga na yau. Abin da ya ƙare shi ne gyaran da kamfanin yake aikowa wata-wata domin toshe kafofin da ɓarayin intanet ke ganowa, watau gida yana nan tsaye, mai gadi ne ya naɗe tabarmarsa. An bar ƙofa guda ga mai son ƙarin wa'adi har zuwa Oktoba 2026: ko ya biya dalar Amurka 30, ko ya cika wasu sharuɗɗa da ke buƙatar rajista da kamfanin. A Turai labarin ya cika jaridu. A ƙasar Dandi kuwa, inda akasarin kwamfutocin da ke kan teburin malami ko na sakatare sun taɓa yi wa wani Bature bauta kafin su ƙetaro teku, labarin ya iso a makare, alhali nan ne ya fi shafa.

Ga mai karatun da bai saba ba, kwamfuta ƙarfe ce da roba da waya. Babbar manhaja ce ke gaya mata yadda za ta karɓi abin da aka danna, inda za ta ajiye shi, da yadda za ta nuna shi a gilashi. Sauran manhajoji, na rubutu da na lissafi da na wasa, duk a kanta suke hawa, kamar yadda fasinja da buhuna ke hawa jirgin fito. Uku ne suka raba duniyar kwamfutocin tebur da na cinya: Windows, da macOS na kamfanin Apple, da Linux, wanda ba shi da ubangida guda.

Tanda ƙaramar hukumar karkara ce a gundumar Gaya, cikin jihar Dosso, a bakin kogin Kwara wanda mutanen wurin ke kira Isa. Ƙetaren ruwa ƙasar Benin ce, Kamba ta Nijeriya kuma ba ta da nisa idan aka wuce Gaya. A wannan yanki ne tsibirin Lete yake, wanda kotun duniya ta Hague ta tabbatar wa Nijar a 2005. Ana jin Dandanci da Zabarmanci da Hausa da Fulatanci a kasuwa guda, wani lokaci a baki guda, ga kuma Kyangawa, waɗanda harshensu na asali ya rage a bakin tsofaffi ƙalilan. A nan ne wani malamin kwaleji ya shafe kusan wata uku yana auna wace kwamfuta zai saya, da wace manhaja zai ɗora mata. Wanda ya ji labarin daga nesa zai ce jinkirin mai rowa ne. Wanda ya san abin da ke cikin tsohuwar na'urarsa ba zai ce haka ba.

Malamin yana koyar da Faransanci, shi ne kuma magatakardan wata ƙaramar ƙungiyar raya al'adu ta malamai da dattawa. Shekaru da dama ƴan ƙungiyar suna bin tsofaffi gida-gida da wayar salula, suna naɗar tatsuniyoyi, da kirarin masunta, da tarihin kafuwar ƙauyuka, da sunayen kifaye da itatuwa cikin harsuna uku. Shi ne ke zama da dare ya juya murya zuwa rubutu. Na'urar da yake aikin da ita ta cinya ce, ƙirar wajen 2013, wadda wani ɗan'uwa ya kawo masa daga Kwatano. Batirinta ya daɗe da mutuwa, fankarta na kuka kamar injin niƙa. A cikinta kuma yake lissafin makin ɗalibai da shirya tambayoyin gwajin BEPC.

Wata shekara ya kai ɗan makullin ajiya, wanda a nan ake cewa kile, wani shagon buga takardu a Gaya, ya dawo da shi da ƙwayar cutar nan da ke ɓoye takardu ta bar inuwarsu kawai. Daga kile ta shiga na'ura. Wannan cuta ba ta cinye takarda, ɓoye ta take yi, kuma mai sani yana iya fito da ita cikin rabin sa'a. Amma mai gyaran da ya kai wa magani ɗaya ya sani ga kowane ciwo: ya wanke faifan tas, ya sake ɗora Windows. Cikin abin da ruwan wankin ya tafi da shi akwai hira doguwa da wani tsohon masunci, muryar da rubutun duka. Tsohon ya rasu a damina ta gaba. Tun daga ranar malamin ba ya jin maganar kwamfuta a matsayin maganar gayu.

Kuɗin sayen sabuwa daga tukwane uku suka fito. Ƙungiya ta ba da abin da ta tara, malamin ya ɗauki adashinsa, sai ɗan ƙanwarsa, saurayi mai kabu-kabu wanda a gidansa ya tashi, ya kawo nasa kaso, kuma ba kaɗan ba ne. Yaron bai ɓoye niyyarsa ba.

"Kawu, ni dai ƙwallo nake so in buga. Da rana ka yi aikinka, da dare ka bar mini ita. In ta yi kyau ma sai in sa benci a zaure, yara su riƙa biya suna bugawa."

"To, ɗana. Amma ka san tsofaffin garin nan a cikinta za su kwana."

"Ai ba zan tashe su ba, Kawu."

Malamin ya yi dariya, amma ya riƙe maganar bencin. Ba ya cikin malaman da ke ganin wasan kwamfuta a matsayin ƙofar lalacewa. Ya ga ɗakunan wasa na Gaya, ya san akwai samarin da da kuɗin wasan ƙwallo na PlayStation suke ciyar da iyaye. Ya kuma lura cewa ɗalibansa da suka fi sakin hannu a kan na'ura ba a aji suka koya ba, wajen ƙoƙarin sa wasa ya tashi a tsohuwar kwamfuta suka koya. Buƙatar yaron halal ce, kuɗinsa ma gumi ne. Matsalar ita ce jirgi ɗaya ne, matuƙa biyu, kowa da gaɓar da yake hange.

Sai da ya fara da tambayar inda za a samo ta. A da hanyar a miƙe take: kaya su sauka tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau mota zuwa Malanville, su ƙetare gada su shigo Gaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 aka rufe gadar, kuma ko da Benin ta buɗe nata ɓangaren a 2024, Nijar ta bar nata a rufe, sai mutane da ƙananan kaya suka koma fito da jirgin ruwa. Iyakar Nijeriya an sake buɗe ta a Maris 2024, don haka na'urorin kasuwar kwamfuta ta Ikeja a Legas, da na titin Beirut a Kano, suna iya biyowa ta Kamba. Akwai kuma shagunan Yamai. Ko ta ina aka bi, abin da aljihun malami ke iya kaiwa shi ne gwanjon ofisoshin Turai da Amurka: HP EliteBook, Dell Latitude, Lenovo ThinkPad. Kada a raina su. An ƙera su ne domin ma'aikacin da zai yi ta jifa da su cikin jaka shekara da shekaru, ana kwance su da sukundireba, ana sauya musu batir da faifai. Sabuwa fil mai araha, mai sheƙi kamar kwanon amarya, sau da yawa ba ta kai su ƙarko ba.

A nan ne dokar Microsoft ta shigo kasuwar gwanjo ta raba ta biyu. Windows 11, wanda ya fito a Oktoba 2021, ba ya karɓar kowace na'ura. Yana neman ram gigabait 4 da fili gigabait 64, wannan mai sauƙi ne. Yana kuma neman wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar Intel daga ƙarni na takwas zuwa sama, watau ƙirar ƙarshen 2017 zuwa gaba, ko takwararta ta AMD. Duk na'urar da ta gaza haka, ko da lafiyarta ƙalau, kamfanin ya sallame ta. Waɗannan sallamammun ne ake lodawa a kwantena a turo Afirka ta Yamma, kuma a kan tebur ɗan kasuwa ba a gane su da ido: Core i5 na ƙarni na shida da na ƙarni na takwas suna iya sanye da riga iri ɗaya. Masu sayarwa sun san dabarar tsallake shingen su ɗora Windows 11 da ƙarfi, mai saye ya ga sabon zane a gilashi ya yi murna. Kamfanin dai ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin ci gaba da aiko wa irin wannan na'ura gyara ba. Malamin ya koyi duba lambar ƙwaƙwalwa kafin ya duba launin murfi: idan bayan i5 aka ga lamba ta fara da 8, an tsallake, idan da 6 ko 7 ta fara, an saya wa kai bashi.

Hujjar Windows a wurinsa ba ta da wuyar faɗa, kuma tana da nauyi. Shi kowa ya sani. Takardar da za ta fito daga ofishin sufeto da Word aka rubuta ta, jadawalin maki da Excel aka tsara shi, na'urar buga takarda ta makaranta da shi ta saba, mai gyara na Gaya da na Dosso shi suka iya. Abin da ke gefe guda na sikeli shi ne, Windows ɗin da ke yawo a shaguna galibi ba shi da lasisi, an fasa masa kwado ne da wata ƴar manhaja da babu wanda ya san abin da ta shigo da shi a ɓoye. Na gaskiyar kuma yana son intanet da rajista tun ranar da za a kunna shi, sa'an nan yana jan gyare-gyare masu nauyi lokacin da ya ga dama. Ga mai sayen intanet na kwana ɗaya a waya, wannan kamar baƙo ne da ke buɗe rumbu da kansa. Zama da Windows 10 ba gyara kuwa, duniya ta riga ta ga ƙarshensa: a Mayu 2017 cutar WannaCry ta bi ta wata kafa da ke cikin Windows ɗin da ba a toshe ba, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila masu yawa.

Maganar Apple ba ta kai shayi na biyu ba. Na'urorinsa, musamman tun da ya koma ƙwaƙwalwar kansa ta M1 a 2020, suna da batir mai jimiri, ba sa zafi, ba sa ƙara. Amma kuɗin ɗaya ya fi abin da tukwanen uku suka tara, ram da faifanta a liƙe suke ba a sauyawa, kuma ranar da ta yi tari sai an kai ta Yamai ko gaba da nan. Wasan ƙwallon da yaron ke so ma ba ya hawa kanta.

Linux ne ya ci masa dare. Ya fara ganinsa yana ɗalibi a Jami'ar Abdou Moumouni, a ɗakin kwamfutocin hukumar jami'o'in ƙasashe masu amfani da Faransanci, bai kuma sake waiwayarsa ba. Tarihinsa yana da daɗin ji ga malami. A 1983 Richard Stallman ya ƙaddamar da shirin GNU a Amurka, da niyyar samar da manhajar da kowa zai iya karantawa, ya gyara, ya raba wa maƙwabci ba tare da ya zama ɓarawo ba. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki, Linus Torvalds, ya rubuta zuciyar da ta rage. A 2004 Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fito da wani reshe mai sauƙin amfani ya sa masa suna Ubuntu, kalmar Zulu da Xhosa da ke kusa da abin da Bahaushe ke nufi da mutunci. Daga Ubuntu aka tsiro Linux Mint a 2006, wanda fuskarsa ke kama da Windows ɗin da aka saba. Mint na 22, fitowar 2024, yana tashi da ram gigabait 2, ya fi sakewa da 4, kuma an yi alkawarin kula da shi har 2029. Ba ya tambayar ƙarnin ƙwaƙwalwa, ba ya tambayar TPM. Cutar kile ta shagunan buga takardu don Windows aka rubuta ta. Idan ta shiga Linux sai ta zauna kamar kifi a tudu, takardun da ta ɓoye kuma a gan su a fili.

Ba abin ƴan gwaji ba ne kawai. Jandarmomin Faransa sun mayar da dubban kwamfutocinsu kan wani reshen Ubuntu tun ƙarshen shekarun 2000. Jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawara a 2024 za ta juya kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 zuwa Linux da LibreOffice. Kusa da gida, a arewacin Togo, ƙungiyoyin sa-kai sun cika ɗakunan makarantu da tsofaffin na'urori masu ɗauke da Emmabuntüs, reshen da aka gina musamman domin raya gwanjo. Amma mai gaskiya zai ƙara da labarin Munik, birnin da ya yi ƙaura zuwa Linux aka yi ta yabonsa, sa'an nan majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows a 2017. Idan birni mai injiniyoyi ya yi tangaɗi, malamin ƙauye yana da dalilin taka-tsantsan.

Tsoronsa na gaske mai gyara ne. Linux ba ya yawan lalacewa, amma ranar da ya lalace a Tanda, wa za a kira? Wanda aka kai wa zai dube shi ya ce cuta ce, ya yi masa maganin da ya iya. Ƙarin manhaja a Linux daga rumbun intanet ake jawo ta, ba daga kilen aboki ba, kuma al'adar wurin ta kilen aboki ce. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel, yana kuma ajiye su cikin siffarsu, sai dai jadawalin da aka cusa wa ƙananan umarni na lissafi yakan zo da gardama, shafi kuma yakan zame. Malamin da ya miƙa maki a makare ba zai kare kansa da tarihin Stallman ba.

Sai batun haruffa, wanda a gare shi ya fi duk sauran. Hausa tana da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, kuma ƙa'idar rubutu da Nijar ta tsayar a 1999 ta riƙe ƴ ɗin nan mai ƙugiya inda Nijeriya ke sa ɗan waƙafi a gaban y. Zabarmanci da Dandanci suna buƙatar ŋ da ɲ da wasula masu alamar hanci. Wanda ya rubuta kasa a wurin ƙasa, ko bari a wurin ɓari, ya sauya magana. A zamanin farko na kwamfuta masu kishin harshe sai suka zana zubin haruffa nasu, suka sace gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba suka dasa ƙ a wurin; a Kano, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi irin wannan hidima a shekarun 1990. Aiki ne na ceto, amma takardar da aka rubuta da irin wannan zubi, idan ta je na'urar da ba ta da shi, sai ƙugiyoyin su rikiɗe su koma alamomin banza. Wasu daga cikin tsofaffin rubuce-rubucen ƙungiyar haka suke, sai an bi su layi-layi. Maganin shi ne Unicode, yarjejeniyar da ta fara a 1991, wadda ta ba kowane harafi na duniya lambarsa ta dindindin, ta yadda ƙ ɗin da aka rubuta a Tanda zai isa Damagaram ko Zariya yana ƙ.

Da ya bincika sai ya tarar a nan manhajojin biyu sun yi kunnen doki, abin da bai zata ba. Windows yana da tsarin madannai na Hausa, Linux ma yana da shi. Duka biyun a kan jerin madannan Ingilishi aka gina su, wanda ke farawa da QWERTY, alhali yatsun wanda ya yi lakwal a Nijar sun saba da AZERTY na Faransanci, gwanjon da ke biyowa ta Legas kuma QWERTY ne a jikinsa. Ga mai son tsara nasa jeri akwai Keyman ta ƙungiyar SIL, kyauta ce, tana aiki a Windows da Linux da Mac da waya. Zubin haruffa irin su Charis SIL da Andika, su ma kyauta, suna ɗauke da duk ƙugiyoyin manya da ƙanana. Audacity, wadda yake rage gudun muryar tsoho da ita domin ya kama kalma, tana hawa duka. Ashe harshe bai ɗaure shi da kowane kamfani ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da ta fara gwajin koyarwa da harsunan gida tun 1973 a Damagaram, wadda kuma kundinta na Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Doka tana iya ɗaga harshe da alƙalami ɗaya. Wanda zai buga takardar da ƙugiyoyinta cikakku shi ne malami irin wannan.

Da aka zo ga wasa sai sikeli ya karkata gaba ɗaya. Kusan duk wasannin kwamfuta don Windows ake gina su. Gaskiya ne al'amura sun sauya tun 2018, lokacin da kamfanin Valve, mai kasuwar wasanni ta Steam, ya fito da Proton, wata gada da ke sa wasan Windows ya yi tafiya a Linux, kuma na'urar wasansa ta hannu, Steam Deck, da ta fito a 2022, Linux ce a cikinta. Dubban wasanni sun haye wannan gada. Amma waɗanda samari ke kwana a kansu, irin su Fortnite da Valorant da EA Sports FC, wanda har 2023 ake kira FIFA, suna da ɗan sandan hana maguɗi da ke shiga can cikin zuciyar Windows, kuma ba ya yarda da Linux. Ƙwallon da yaron ke mafarki tana bayan wannan shinge.

Ko a Windows ɗin ma ba a gama ba. Sabon wasan ƙwallo yana neman katin hoto na musamman mai ram nasa na kansa, da fili wajen gigabait 100, wanda sai an jawo shi ta intanet. Na'urorin ofis na gwanjo ba su da irin wannan kati. Kwamfutar tebur da aka haɗa domin wasa tana iya shan wat 300 zuwa 500 idan wasa ya yi zafi, alhali ta cinya cajarta wat 45 ne ko 65. Wannan lissafi a Tanda ba na takarda ba ne. Wutar yankin Gaya daga Nijeriya take shigowa ta Kamba, kuma kowa ya tuna Agusta 2023, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar, ba ta maido ba sai Maris 2024. Gidan malamin da faifan hasken rana ɗaya da batir ɗaya yake kwana. Ta cinya tana da batirinta a ciki, idan wuta ta ɗauke ba ta ko ƙifta ido; ta tebur kuwa faɗuwa take yi nan take, da abin da ake rubutawa. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka.

Yaron ya zo da shawarar da ya ji a bakin abokai: a raba faifai biyu, Windows a ɗaki ɗaya, Linux a ɗaya, in an kunna a zaɓi ƙofa. Ana yin haka, yana kuma aiki. Malamin ya juya ta kwana biyu ya ajiye. Ɗakuna biyu ne amma rufi ɗaya. Ranar da wasan da aka kwafo daga kilen wani ya rikita Windows, aka kai wa mai gyara, ba zai tambayi wane ne ke ɗaya ɗakin ba.

Shugaban ƙungiyar, dattijon da bai taɓa dafa madannai ba, shi ne ya kwance ƙullin ba da niyya ba. Ya saurari bayanin duka, sa'an nan ya ce, "Malam, ita tsohuwar, mutuwa ta yi ne ko tsufa?" Tsufa ne. Aka sauya mata faifai mai juyawa da irin na SSD wanda ba shi da abin da ke motsi a ciki, aka ƙara ram, aka samo batir, aka busa ƙurar shekaru daga fankarta. Wani tsohon ɗalibin malamin da ke karatu a Jami'ar Dosso ya zo hutu da Linux Mint a kile, ya ɗora mata, ya zauna kwana uku yana nuna masa hanya, ya kuma rubuta a takarda ya liƙa a murfin: kada a wanke wannan na'ura. Ita ce yanzu ɗakin tsofaffi. Ba ta zuwa shagon buga takardu, ba a wasa a kanta, kuma duk ƙarshen wata ana kwafe abin da ke cikinta zuwa faifai biyu na waje, ɗaya a gidan malamin, ɗaya a akwatin shugaba.

Ragowar kuɗin ya sayi ThinkPad na gwanjo mai ƙwaƙwalwar ƙarni na takwas, da Windows 11 mai lasisin da ya zo a jikinta, domin maki da takardun sufeto. A kanta yaron ya gwada ƙwallonsa. Tsofaffin fitowar PES, wasan kamfanin Konami da ya koma eFootball a 2021, sun tashi lafiya idan an rage kyan hoto. Sabon FC kuwa ko ƙofa bai buɗe ba. Ya yi kwana biyu ba ya cin tuwo da kowa.

"Kawu, kuɗina fa sun shiga aikin tsofaffi."

"Sun shiga, ɗana. Bashi ne a kaina, ba a kansu ba."

Malamin yana biyansa kaɗan-kaɗan daga albashi, yaron kuma yana tarawa domin PlayStation 4 na gwanjo, na'urar 2013 wadda ba ta shan rabin wutar kwamfutar wasa, kuma ba ta tambayar kowa wace manhaja yake so. An riga an sa kafinta ya auna zaure domin benci. Abin da ya rage ba a sasanta ba shi ne faifan hasken rana na biyu, domin batir ɗaya ba zai ɗauki talabijin ɗin yara da fitilar mai rubutu a dare guda ba, kuma hirarrakin Kyangawa goma sha ɗaya suna nan a waya ba a juya su zuwa takarda ba tukuna.